Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayenmu masu kamfanoni a Arewacin Kamaru: maigida ma a samo masa koci

Zuwa ga shugabannin Majalisar Kasuwanci da Masana'antu ta Kamaru, CCIMA, rassan Garwa, Marwa da Ngaundere, da Alhazai da Hajiyoyi masu kamfanoni da ke cikinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, Allah ya ƙara arziki, ya sa wa kasuwa albarka.

Ni ɗanku ne a nan Garwa. A teburin lissafi da na kula da ma'aikata nake cin abinci, wato ni ake ba takardar sallama in miƙa wa mutum, ni kuma ake tarewa a bakin ƙofa bayan la'asar a ce, "Don Allah ka yi wa maigida magana." Na san ba tarbiyya ba ce yaro ya miƙe a gaban manya ya ce zai yi gyara, ku yi mini aikin gafara. Na rubuta a fili ne saboda maganar ba ta mutum ɗaya ba ce, in kuwa na kai ta ofis guda, mai ofishin zai ɗauka da shi nake.

Roƙona ɗaya ne. Cikin kuɗin da ake kashewa duk shekara wajen horar da ma'aikata, a ware wani abu a kashe a kan masu gida da daraktoci da shugabannin sassa. Ba taro nake nufi ba. Koci nake nufi, mutum horarre wanda zai riƙa zama da shugaba su biyu, wata da watanni, har wani hali da ke cutar da aikin ya canza, kuma waɗanda ke ƙarƙashinsa su shaida ya canza.

Kun san yadda ake yi yanzu. A kama zaure a otal, a ɗauko masani daga Duwala ko Yawunde, a buga kyalle da sunan taro, a raba jaka da alƙalami. Maigida ya iso a makare, ya buɗe taro, a yi hoto, ya shiga mota. Waɗanda suka rage a yi kwana biyu ana koya musu sauraron juna da faɗin ra'ayi ba tsoro, su karɓi kuɗin zama da takardar shaida. Ranar Litinin su koma ofishin da in ka faɗi ra'ayi za a tambaye ka ko kai ka kafa kamfanin. Masanin bai yi laifi ba, wanda halinsa ke juya gidan ne bai zauna ba. Kamfanin Gallup na Amurka, wanda ya daɗe yana jin ta bakin ma'aikata, ya fitar a 2015 cewa aƙalla kashi 70 cikin 100 na bambancin da ake gani tsakanin wannan sashe da wancan wajen sa rai ga aiki, daga shugaban sashen yake fitowa. Duk wanda ya taɓa canza ubangida a cikin kamfani ɗaya ya san haka ba sai an ƙirga masa ba.

Kada a ɗauka azzalumai nake kwatantawa. Yawancin iyayen gidan da na sani mutanen kirki ne. Suna biyan kuɗin asibitin yaransu, suna sayen ragon suna, wasu har Makka suke kai tsofaffin ma'aikata. Amma mutumin kirkin nan shi ne zai ajiye shugaban sashe a kan benci tun hantsi har azahar, a zafin Afrilu, saboda sa hannu ɗaya. Shi ne zai daka wa magidanci mai furfura tsawa a gaban masu saye. Hatimin kamfani yana aljihunsa, in ya tafi Umra komai ya tsaya cik, in ya dawo ya ce ba wanda ya iya aiki sai shi. Yana da mutum ɗaya ko biyu masu kawo masa labari da dare, kowa ya san su, don haka kowa ya koyi kama bakinsa a gabansu. In ka tambaye shi zai rantse maka ƙofarsa a buɗe take, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka ya ɗauka.

Wannan shirun yana cin kuɗi, wani lokaci har rai. Direban babbar mota ya yi lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, zai kai kaya Kuseri ko Njamena. Tun bai tashi ba ya ji birki ba daidai ba. Ya san abin da zai biyo baya in ya faɗa: a ce shi ya lalata, a cire a albashinsa, ko a miƙa wa wani makullin. Sai ya ce Allah ya kiyaye, ya kama hanya, ga gangaren Mbe yana jiransa. In ya sauka lafiya ba wanda zai san an yi kasada. Ranar da abin ya faru kuma a ce direbobin yanzu ba su da amana. Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitocin Amurka cikin shekarun 1990 kan kuskuren ba da magani. Ta zaci sassan da ke da kyakkyawan shugabanci su ne za su fi ƙarancin kuskure a rubuce, sai ta tarar nasu ya fi yawa. Da ta bi diddigi ta gano a can ne ma'aikaciyar jinya ke iya cewa "na yi kuskure" ba tare da an ci mutuncinta ba, a sauran wuraren kuwa rufewa ake yi. Maigidan da ke alfahari cewa ba a kawo masa matsala, ya kamata hankalinsa ya tashi.

A nan Arewa abin ya fi nauyi, domin halayen da ake yabonmu da su, Bahaushe da Bafulatani da maƙwabtanmu, su ne kunya da kawaici da haƙuri. Ba na fatan mu rabu da su. Sai dai sun sa "to, ranka ya daɗe" tana ɗaukar na yarda, tana ɗaukar na ji, tana kuma ɗaukar wannan ba zai yiwu ba amma ba a bakina za ka ji ba. Gwargwadon girman mutum, gwargwadon ƙarancin gaskiyar da ke isa kunnensa. Wa'azi kuwa ba mu rasa shi ba. Malamanmu sun sha karanta mana ayar nan ta 159 a Suratu Ali Imrana, inda Allah ya gaya wa Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse daga gare shi, ya kuma umarce shi da ya shawarce su cikin al'amari. Kowa ya gyaɗa kai a masallaci, kowa kuma da wanda ya tuno, ban da kansa. Laifi tudu ne. Mai wa'azi yana magana da jama'a, ba zai iya ce maka ranar Talata a gaban akawu ka yi kaza ba.

Wannan gurbin koci yake cikewa, kuma aikin yana da tsari. Da farko a zauna mutum uku: shugaban da za a horar, wanda ke sama da shi ko mai biyan kuɗin, da kocin. A amince a kan abin da ake so ya canza, da abin da zai zama sirri. Sannan kocin ya zaga ya ji ta bakin waɗanda ke aiki da mutumin, na sama da shi, tsararrakinsa da na ƙasa, ya haɗa abin da ya maimaitu a bakuna da yawa, ya kawo masa ba tare da sunan kowa ba. Daga ciki shugaban ya zaɓi hali ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ba "zan zama mutumin kirki" ba, abu ƙarami wanda ido ke gani: ba zan katse mai magana ba sai ya gama, ko duk kuɗin da bai wuce kaza ba shugaban sashe ya sa hannu da kansa. Sai a riƙa haɗuwa bayan mako biyu ko uku, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, tsawon wata shida zuwa shekara. Yawancin zaman tambaya ce. Me ya faru a taron jiya? Me ka so ya faru? Da ka ɗaga murya, wa ya sake magana? Me za ka gwada kafin mu sake haɗuwa? A ƙarshe a koma ga mutanen farko a tambaye su ko sun ga canji. Su ne alƙalai, ba kocin ba, ba kuma maigidan ba.

Wani zai ce mutum ya tara dukiya da gumin goshinsa, yaro ne shi da za a ɗora masa malami? Mu mutanen Garwa bai kamata wannan ta dame mu ba. Ƙungiyar ƙwallonmu ta Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ta kara da Al Ahly ta Masar, ba wanda ya ce 'yan wasan nan sun ƙasƙanta don akwai mai tsayawa a gefen fili yana ganin abin da su ba sa gani. Bambancin kawai, kocin ofis ba ya ba da umarni, ba ya kuma taɓa kasuwancinka. Ba zai koya maka farashin albasa ko siminti ba, ka fi shi sani. Wani kuma zai ce abin Turawa ne. Tsarin da takardun nasu ne, gaskiya. Amma a ƙarshen ƙarni na 15 Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da fadawansa da malamansa cike da gari, ya karɓi nasihar mulki daga baƙo, Shehu Al-Maghili. Baƙo ba ya neman sarauta a fadarka, ba shi da ɗan da yake so ka ɗauka aiki, shi ya sa bakinsa ke iya buɗewa.

Sai dai in aka ɗauko tsarin yadda yake a Faransa aka dasa a nan, ɓarna za a yi. Can takardar tambayoyi ake turawa ta intanet kowa ya cike. A nan mutanen da suka fi sanin halin maigida su ne direba da mai gadi da mai riƙe da sito da 'yan dako, kuma da yawansu ba za su cike takarda da Faransanci ba. Dole a ji su baki da baki, da Fulatanci ko Hausa, a Kuseri da Larabcin Shuwa, a wurin da ba idon kowa. A kamfanin mutum takwas kuwa ɓoye suna kusan tatsuniya ce, maigida ya san salon maganar kowa. Kocin da ya kawo masa jimla yadda aka faɗe ta ya kori mutum daga aiki. Haka nan yadda ake isar da maganar. A 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje kan gaya wa mutum yadda aikinsa yake. A dunƙule yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin ƙara lalacewa ya yi, musamman inda maganar ta bar aikin ta koma kan mutumin kansa. To ina ga dattijon da ya shekara talatin ba wanda ya taɓa ce masa ka yi kuskure? In aka zuba masa komai rana ɗaya, farautar wanda ya faɗa zai shiga.

Inda na fi ganin buƙatar abin nan shi ne wajen gado. Manyan gidajen kasuwancinmu, na goro da shanu da albasa da gyaɗa da sufuri, an gina su ne a kan tarbiyyar ubangida da yaronsa. Yaro ya taso a shago, ya koyi ciniki da ido, ya ɗauki shekaru ana gwada amanarsa, ranar da ya isa a ba shi jari a sallame shi. Tsarin ya yi aiki, har yanzu yana yi a shagon mutum biyar. Amma yau kamfani ne mai rajista, da bashin banki, da haraji, da ma'aikata ɗari, kuma ɗan Alhaji ya dawo da digiri daga Ngaundere ko Duwala ko Turai an ba shi kujerar darakta. Yana da ilimin, ba shi da mutanen. Tsofaffin yaran babansa, waɗanda suka goya shi yana ƙarami, su yake so su kawo masa rasit na kowace dala. Su kuma in ya ba da umarni sai su ce to, su zaga gida bayan isha su tambayi Alhaji. Alhaji ya soke umarnin ba tare da ya gaya wa ɗan ba. Ɗan ya ji a bakin mai gadi. Don ya nuna shi ma ya isa, gobe ya yi wa wani dattijo rashin kunya, shi ke nan gida ya rabu biyu. Na ga irin wannan ba a gida ɗaya ba, kuma ba mugu ko ɗaya a cikin labarin. Uban bai san yadda ake saki ba, ɗan bai san yadda ake karɓa ba, kuma kunya ta hana su zama su yi maganar. Ɗa ba zai dubi mahaifinsa ya ce Baba ka daina soke mini magana ba. Mutum na uku wanda dukansu suka yarda da shi yana iya sa su rubuta: wannan hukuncin na Alhaji ne, wannan na darakta ne, wannan sai an haɗu, kuma daga wata kaza hatimi ya koma hannun wane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa a cikinku zai iya lissafa gidajen da suka watse shekara kaɗan bayan rasuwar mai su, da motoci da shaguna da komai.

Haka kuma matasan da jami'o'inmu ke yayewa, ta Ngaundere, ta Marwa da aka buɗe a 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022. Wanda ya fi iya lissafi a mai da shi shugaban sashen kuɗi, makaniken da ya fi iya gyara a ba shi gareji, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake gyara wa mutum kuskure ba tare da an tozarta shi ba. Sai su kwaikwayi wanda suka gani a sama.

Akwai abin da koci ba zai gyara ba, kuma gara in faɗa kafin wani ya fake da shi. Tun watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata, a na noma 45,000. Wanda ba ya biyan wannan, ko yake cire kuɗin asusun fansho na CNPS a albashin ma'aikaci ba ya kai wa, murmushi da sauraro ba za su wanke shi ba. Dokar ƙwadago ta 1992 ta tanadi wakilan ma'aikata, ana zaɓensu a duk inda ma'aikata suka kai 20, ba a kuma korarsu sai da izinin sufeton ƙwadago. A bar su su yi aikinsu. Shugaban da ke matsa wa 'yan mata ma'aikata da neman lalata kuwa ba gyaran hali yake buƙata ba, sashe na 302-1 na kundin hukunta laifuka na 2016 ya san da zamansa. Kada kuma a mai da koci hanyar tara hujjar korar wanda aka riga aka yanke wa hukunci. Ranar da ma'aikata suka gane haka, ba mai sake buɗe baki.

Sai batun su wa za su yi aikin, kuma a nan ne majalisa ta fi kowa amfani. Sana'ar ba ta da shinge, duk wanda ya buga kati ya iya zaƙin baki a Facebook ya zama koci. Akwai dai ma'auni. Ƙungiyar kociyoyi ta duniya, ICF, wadda aka kafa a Amurka a 1995, ba ta ba da shaidarta ta matakin farko sai mutum ya yi awa 60 na karatu da awa 100 na aiki da mutane, mataki na biyu kuma awa 125 da awa 500, kuma tana da ƙa'idar riƙe sirri. Ba na cewa takardar ita ce komai, amma tana rage 'yan damfara. Majalisa tana iya tantance mutane ta ajiye sunayensu, a tambayi kowa ina ya koya, su wa ya yi wa aiki, wa ke duba aikinsa.

Ni dai da za a bi tawa, da ba a dogara da na Duwala kaɗai ba. Alhaji mai shekara 65 ba zai buɗe cikinsa ga ɗan shekara 30 da ba ya jin yarensa ba. Muna da dattawan da suka yi ritaya daga kamfanin auduga na SODECOTON, wanda ke nan Garwa tun 1974, da kamfanin shinkafa na SEMRY a Yagwa, da masana'antar siminti ta Figil, da bankuna da jirgin ƙasa. Sun riƙe ɗaruruwan mutane, sun san gari, ana jin nauyinsu. A zaɓi masu riƙon sirri a cikinsu a tura su horo na gaske. Horon dole ne, domin tsohon darakta ya saba ba da umarni, aikin nan kuwa rabinsa yin shiru ne. A sa mata a ciki, saboda Hajiyoyin da ke riƙe da asusun ba da rance da asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin agaji a Marwa da Garwa, waɗanda ba kowacce ce za ta keɓe da namiji awa guda a ɗaki ba. Kuɗin kuma ba sai an nemo daga sama ba. Duk kamfani mai rajista yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsa a asusun samar da aikin yi, FNE. Majalisa tana da bakin da za ta zauna da su, da sassan koyar da tattalin arziki da gudanarwa na jami'o'inmu, a ga abin da kowa zai ɗauka.

A fara da kaɗan. Kamfani goma ko ƙasa da haka a jihohin Arewa uku, waɗanda masu su suka kawo kansu, don wanda aka tilasta wa koci ɓata lokacin kowa yake yi. Zai yi kyau biyu ko uku daga cikin manyanku su fara, su kuma faɗa da bakinsu, domin in aka fara da ƙananan shugabanni kowa zai ɗauka horon masu laifi ne. Kafin a soma a rubuta mutum nawa suka bar aiki a bara, kwana nawa aka yi fashin aiki, mota nawa ta kwana a hanya. Bayan shekara a sake ƙirgawa, a sake tambayar ma'aikatan nan dai, a karanta wa majalisa sakamakon ba tare da sunan kowa ba. In suka ce ba abin da ya canza, a dakatar, a mayar da kuɗin inda aka saba kai shi.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku magada nagari. Wassalam.

Ɗanku,
wani ma'aikacin lissafi da kula da ma'aikata,
Garwa.